Kunnen Zango: Farkon Rediyo a Arewacin Togo da Abin da Fasahar Sauti Za Ta Iya Cetowa

Tarihin rediyo a Afirka ta Yamma, kamar yadda aka saba rubuta shi, tarihi ne na masu magana: ranar da aka buɗe tasha, sunan gwamnan da ya yi jawabin farko, ƙarfin na'urar da aka girka, da dokar da ta kafa hukumar watsa labarai. Duk wanda ya bi wannan hanya zai ga kamar garuruwa irin su Sokode da Dapaong, a tsakiya da arewacin Togo, ba su shigo labarin ba sai kwanan nan, tun da yake sun yi fiye da shekara 40 suna sauraron muryoyin da ke zuwa daga Lome da Akra da Kaduna da Landan kafin a sami tashar da ke magana daga cikinsu. Amma sauraro ma yana da nasa tarihin, kuma shi ne ɓangaren da ya fi saurin salwanta, domin ba ya barin takarda a ofis, ba ya kuma shiga rahoton shekara. Wannan ɓangare ne fasahar sauti ta fi kowace hanya dacewa da shi.

Abin da ake nufi da fasahar sauti shi ne aikin da ake ƙerawa da sauti kansa, yadda magini yake aiki da ƙasa. Waƙa tana iya shiga cikinsa, amma ba waƙa ba ne, kuma ya bambanta da shirin tarihi na rediyo, inda mai gabatarwa yake gaya wa mutum abin da ya kamata ya fahimta. Mai wannan fasaha yakan tattara tsofaffin muryoyin da aka naɗa, da hayaniyar kasuwa, da ƙugin da akwatin rediyo ke yi tsakanin tasha da tasha, har ma da shiru, ya yanka su ya jera, ya maimaita wani ya rage wa wani gudu, sannan ya saki aikin ta lasifikoki a wani zaure ko fili, ko ya watsa shi ta rediyo, domin mai sauraro ya tsaya a kan abin da kunnensa ya saba wucewa.

Kafin waya da eriya, yankin da ake magana a kansa ya riga ya mallaki hanyar isar da labari mai nisan zango. Sokode, babban birnin Jihar Tsakiya kuma cibiyar mutanen Tem, waɗanda aka fi sani da Kotokoli, yana kan ɗaya daga cikin hanyoyin fataucin goro da suka haɗa ƙasar Hausa da Gwanja, inda ayari yakan taso daga Kano ko Sakkwato, ya haye Kwara, ya ratsa Borgu da Jugu, ya sauka a ƙasar Kotokoli, sannan ya nufi Salaga. Unguwar Didaure ta Sokode ta samo asali ne daga mazaunin 'yan kasuwa da malamai Musulmi da suka zo daga wurare daban-daban, cikinsu har da Hausawa. Can arewa kuma wata hanyar ta biyo ta ƙasar Gurma ta sauka a Sansanne-Mango, kudu da Dapaong, garin da a yau yake babban birnin Jihar Savanes, kusa da iyakar Burkina Faso, inda Moba da Gurmawa da Mosawa da Fulani suke cuɗanya da 'yan zango. Hausa ba ita ce harshen mafi yawan mutane ba a ɗayan garuruwan biyu, amma ta daɗe tana cikin harsunan ciniki da karatu, kuma madugun da ya sauka a zango yakan sauke labari tare da kaya: wane sarki ya rasu, wace hanya ta lalace, nawa ake sayar da ƙwaryar goro a Kano. Sauran aikin kuwa na mai shela ne da makaɗan fada da ladan. Malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya zauna a Kete-Krachi tun lokacin da garin yake ƙarƙashin Togo ta Jamus har ya rasu a can a 1934, ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich tarihin ƙasar Hausa da al'adunta, abin da ke nuna yadda ilimi da labari suke yawo a wannan hanya tun kafin Bature ya kafa turken ƙarfe ko ɗaya.

Turakun farko an kafa su ne a Kamina, kusa da Atakpame, a kudu da Sokode kan hanyar Lome, kuma wannan wuri ya cancanci a daɗe a kansa, domin ya sanya Togo cikin tarihin wayar iska na duniya tun kafin watsa murya ga jama'a ya kankama. Tsakanin 1911 da 1914 kamfanin Telefunken ya gina tasha a can a ƙarƙashin jagorancin injiniya Anton Codelli, da nufin haɗa Togo kai tsaye da babbar tashar Nauen da ke kusa da Barlin, tazarar da ta haura kilomita 5,000, sannan a riƙa miƙa saƙo daga Kamina zuwa sauran ƙasashen da Jamus ke mulka a Afirka da jiragen ruwanta da ke tekun Atlantika. An kafa dogayen turakun ƙarfe, mafi tsayinsu ya kai mita 120, an kawo tukwanen tururi da injunan samar da lantarki, kuma 'yan ƙasa ne suka yi dakon kayan da haƙan ramukan a ƙarƙashin tsarin aikin tilas da mulkin Jamus ya dogara da shi. Tashar ba ta taɓa watsa magana ko kiɗa ba. Abin da take aikawa shi ne alamomin Morse, wato gajerun ƙara da dogaye da ke tsaya wa haruffa, waɗanda ba mai fahimtarsu sai ma'aikacin da ya sa abin sauraro a kunne.

Rayuwarta ba ta wuce 'yan makonni ba. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agusta 1914, Ingila ta datse wayoyin Jamus na ƙarƙashin teku, sai Kamina ta zama igiyar da ta rage tsakanin Barlin da Afirka, dalilin da ya sa sojojin Ingila daga Gold Coast, wato Ghana ta yau, da na Faransa daga Dahomey suka nufo ta tun makon farko. Rundunar Gold Coast ta samo tushe ne daga 'yan sandan da Turawa suka kira na Hausawa, kuma ɗaya daga cikin sojojinta, Alhaji Grunshi, shi ne wanda tarihin Ingila ke cewa ya harba harsashin farko na sojojinta a dukan yaƙin. Bayan gumurzun kogin Chra a ranar 22 ga Agusta, Jamusawa suka rushe tashar da hannunsu a daren 24 wayewar 25, suka miƙa wuya ranar 26. Har yanzu ginshiƙan siminti da guntayen injuna suna nan cikin ciyawa. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, mutanen da suka gina wurin da waɗanda suka mutu a kan hanyarsa ba su taɓa jin ko kalma ɗaya daga cikin abin da ya ratsa ta samansu ba, kuma wannan rashin ji shi ne babi na farko na tarihin rediyo a Togo.

A daidai wannan zamani Jamusawa suna ɗaukar murya ta wata hanyar. Na'urar ɗaukar sauti ta lokacin tana da ƙaho da mutum zai yi magana ko waƙa a bakinsa, sai wata allura ta zana girgizar muryar a jikin ɗan bututun kaki da ke juyawa, wanda ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci. Taskar sauti ta Barlin, wadda Carl Stumpf ya assasa a 1900, ta riƙa bai wa matafiya da jami'an mulkin mallaka irin wannan na'ura su komo mata da abin da suka samu, kuma cikin abin da ta tara akwai waƙoƙi da kaɗe-kaɗen da wani hafsan soja, Julius Smend, ya ɗauka a Togo a farkon ƙarni na 20. Wani ɗan Togo mai bincike a Jamus, Mèhèza Kalibani, ya yi nazarin waɗannan muryoyi da yanayin da aka ɗauke su, wanda yanayi ne na mai iko da wanda ake mulka, inda sau da yawa ake rubuta sunan ƙabila a manta da sunan mai waƙar. Haka kuma a 1913 zuwa 1914 Hans Schomburgk ya ɗauki fim a arewacin Togo, har da mahayan dawakan sarki Uro Djobo na Paratao kusa da Sokode, sai dai fim ɗin wancan lokaci ba shi da sauti, don haka ana ganin dawaki da makaɗa ba a jin komai. Wanda zai yi aikin sauti a kan wannan zamani zai iske hoton yana wuri ɗaya, muryar tana wani, dukansu kuma a Turai.

Watsa shirye-shirye ga jama'a ya kankama ne bayan yaƙin. Tashar KDKA ta Pittsburgh a Amurka ta karanta sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a watan Nuwamba 1920, aka kafa BBC a 1922, ta kuma buɗe sashenta na ƙasashen daular Ingila a watan Disamba 1932. Abin da ya iso Afirka ta Yamma da farko shi ne rediyon waya: tasha ɗaya a gari tana kama shirin Landan, ta tura shi ta waya zuwa akwatunan katako da aka rataye a gidajen masu biyan kuɗin wata, akwatin da ba a iya sauya masa tasha, sai dai a ƙara masa murya ko a rage. Gwamna Arnold Hodson ya buɗe irin wannan a Akra ranar 31 ga Yuli 1935 da sunan tashar ZOY, Legas ta samu a wannan shekarar, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu tashar Akra ta sami na'urar watsawa ta iska, ta shiga ba da labaran yaƙi da harsunan ƙasa, cikinsu har da Hausa. A Kano, kamar yadda Brian Larkin ya nuna a bincikensa, an rataye lasifikoki a 1944 a wuraren taruwar jama'a, irin su kusa da majalisar sarki da ɗakin karatu da gidan waya, ta yadda mutum zai ji rediyo ko yana so ko ba ya so. Rediyo ya shigo ƙasar Hausa a matsayin abin da ake ji a fili tare da jama'a, kuma wannan ɗabi'a ta bi Hausawa duk inda suka yi zango.

Togo, wadda Faransa ke riƙe da gabashinta a matsayin amanar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sami tasharta a Lome a watan Agusta 1953, shekara 7 kafin 'yancin kai na 27 ga Afrilu 1960. A nan ne tarihin rediyon yankin ya haɗu da tarihin fasahar sauti a jikin mutum ɗaya. Pierre Schaeffer injiniya ne a gidan rediyon Faransa, wanda a 1948 ya je tashar jirgin ƙasa ta Batignolles a Faris ya ɗauki ƙarar jirage, ya komo ɗakin aiki ya yanka ta ya jera ta ya mai da ita wani abin sauraro da aka watsa a watan Oktoba na wannan shekarar, kuma daga nan ne aka sami salon kiɗan da ake haɗawa da sautin da aka naɗa maimakon kayan kiɗa. Wannan mutumin ne aka ɗora wa kafa SORAFOM a 1955, hukumar da ta kula da gidajen rediyon ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka, shi ne kuma ya buɗe makarantar horar da ma'aikatansu a Maisons-Laffitte kusa da Faris, da ra'ayin cewa ya kamata tashoshin su yi magana da harsunan mutanensu kuma 'yan ƙasa su riƙe makirufo. Ba a bar shi ya daɗe a kujerar ba, amma hukumar, wadda ta koma OCORA a 1962, ta ci gaba da aika ma'aikata da rikoda cikin ƙauyuka, kuma daga wannan aiki ne aka sami faya-fayan Ocora, har da na kiɗan Kabiye na arewacin Togo da na makaɗan Nijar. A Nijar ɗin ma, inda aka buɗe rediyo a 1958, an kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraro a 1962, inda ake taruwa a ji shiri, a tattauna, a naɗi ra'ayin manoma da makiyaya a aika Yamai a watsa.

Ba daidai ba ne kuma a bar mai karatu da zaton cewa wannan fasaha baƙuwa ce da Turai ta aro wa Afirka. A 1944, shekara 4 kafin aikin Schaeffer, wani ɗalibi a Alkahira, Halim El-Dabh, ya ari rikodar da ke naɗar sauti a kan siririyar waya, ya ɗauki waƙoƙin mata a wani taron zar, wanda al'ada ce ta neman waraka mai kama da bori, ya kai ɗakin aikin wani gidan rediyo ya ƙara wa muryoyin amsa-kuwwa ya tace su har suka zama wani abu dabam. Masana da yawa a yau suna lissafa wannan aiki cikin na farko a duniya a wannan fanni.

Abin da ya kai rediyo hannun talaka a Sokode da Dapaong abu biyu ne, gajeren zango da rediyon batir. Gajeren zango nau'in igiyar rediyo ce da ke tashi sama ta bugi wani rufi na sararin samaniya mai ɗauke da lantarki, ta komo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwa ko dubban kilomitoci, kuma da yake rana tana sauya yanayin wannan rufi, tashar da ta fito tangaram da asuba tana iya dusashewa da hantsi ta komo da almuru. Wannan ne dalilin da murya take zuwa tana komawa, dalilin kuma da tashoshi ke sanar da mita daban-daban ga safe da dare. Rediyon transista, ƙarami mai cin batir kaɗan, ya fito kasuwa a Amurka a 1954, ya bazu a Afirka cikin shekarun 1960, daidai lokacin da Hausa ta cika sararin sama: BBC ta fara shirin Hausa ranar 13 ga Maris 1957 da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, gidan rediyon Jihar Arewa ya buɗe a Kaduna a 1962, Muryar Jamus da rediyon Sin suka biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979. Bahaushen zango a arewacin Togo, da duk wanda ya iya Hausa cikin maƙwabtansa, ya wayi gari yana da tashoshi da yawa da ke magana da harshen da yake ji, alhali tashar ƙasarsa ta fi ba da ƙarfi ga Faransanci.

Yadda ake wannan sauraro abu ne da ya kamata a dube shi da kyau, domin a cikinsa kayan aikin mai fasahar sauti suke. Togo tana kan agogo ɗaya da Ghana, awa ɗaya bayan Najeriya da Nijar, saboda haka shirin safe da mutumin Kano yake ji da ƙarfe 6:30 yakan riski mutumin Sokode da ƙarfe 5:30, yana fitowa daga sallar asuba. A teburin mai shayi ko a rumfar tela akan zaro eriya har ƙarshe, wani lokaci a ɗaura mata guntuwar waya a maƙale a jikin kwanon rufi, mai akwatin ya riƙa murza maɓalli a hankali da yatsu biyu yana karkata kai, ana ratsa Faransanci da Larabci da kukan na'ura, har muryar da ake nema ta fito daga cikin ƙugin, sai kowa ya yi tsit. Batir in ya yi sanyi akan shanya shi a rana don ya ƙara kwana ɗaya. Wanda ya fi jin Hausa yakan juya wa na kusa da shi labarin da Tem ko Moba, kafin rana ta take kuwa labarin ya shiga kasuwa ya sami ƙari da ragi. A mita 49 ake kama Kaduna, inda ake jin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Musa Ɗanƙwairo, da shirye-shirye irin su Jakar Magori, da kuma Zaɓi Sonka, shirin gaishe-gaishe wanda ya mai da katin gidan waya hanyar sada zumunci tsakanin dangin da iyakokin Turawa suka raba. Mutumin da aka karanta sunansa da na unguwarsu daga Kaduna ko Landan ya san cewa 'yan uwansa na Kumasi da Maraɗi sun ji yana raye, kuma wannan amfani na rediyo bai taɓa shiga lissafin waɗanda suka kafa shi ba.

Rediyon gwamnati yana da nasa sautin da tsofaffi ba su manta ba. A zamanin Gnassingbé Eyadéma, wanda ya mulki Togo daga 1967 zuwa 2005, tashar Lome a kan kilohaz 5047 da tashar Kara da aka buɗe a 1975 a kan 3222 sun cika da waƙoƙin yabon shugaba da na jam'iyya ɗaya tilo, kuma sauraron tashar waje a lokacin hanya ce ta auna abin da aka ji a gida. Muhimmancin makirufo ya fito fili a ƙarshen 1991, bayan babban taron ƙasa, sa'ad da sojoji suka mamaye gidan rediyon Lome fiye da sau ɗaya don karanta buƙatunsu. Daga shekarun 1990 ne aka buɗe ƙofa ga tashoshin FM masu zaman kansu da na karkara, har aka sami irin su Radio Tchaoudjo a Sokode da Radio Courtoisie a Dapaong, waɗanda ke sanar da rasuwa da ɗaurin aure da ɓatan dabba da harsunan yankin. A 2017, lokacin zanga-zangar da ta taso da ƙarfi daga Sokode, saƙon murya na WhatsApp ne ya ɗauki aikin da gajeren zango ya yi a da, har gwamnati ta katse intanet a watan Satumba, matakin da kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki.

Matsalar ita ce sauti ba ya jira. Yawancin shirye-shiryen farko kai tsaye aka watsa su ba tare da naɗi ba, waɗanda aka naɗa kuma sau da yawa an goge tef ɗin an sake amfani da shi saboda tsada. Tef ɗin da ya tsira yana fama da zafi da laima: wani nau'in yakan ruɓe ya riƙa warin tsami, wani kuma garin ƙarfen da ke riƙe da muryar yakan saki jikinsa ya manne a kan na'ura. A 2019 UNESCO da ƙungiyar taskokin sauti ta duniya suka yi gargaɗin cewa na'urorin kunna tef da kayan gyaransu suna gab da ƙarewa, suka ambaci wajajen 2025. An ga abin da himma take iya yi a Gini, inda Graeme Counsel, da tallafin Laburaren Birtaniya, ya kwafe waƙoƙi 9,410 daga taskar gidan rediyon ƙasar tsakanin 2008 da 2013, haka ma a Akra an kwafe tsofaffin faya-fayan garmaho na gidan rediyon Ghana. Sai dai irin wannan aiki yana ceton abin da tasha ta watsa ne kawai. Abin da mai sauraro ya ji, da inda ya zauna, da wanda ya fassara masa, da abin da aka ce bayan an kashe akwatin, ba ya cikin kowace taska, yana bakin mutanen da suka haura shekara 70. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, amma kunnen ma sai an tambaye shi tun yana nan.

Akwai ayyukan da suka nuna yadda ake tunkarar irin wannan gado. Emeka Ogboh, ɗan Najeriya haifaffen Enugu, ya yi suna da naɗar sautin titunan Legas, musamman kiran yaran mota, yana sakinsa a biranen Turai, kuma a bikin fasaha na Venis na 2015 ya sa mawaƙa 'yan Afirka mazauna Barlin suka rera taken ƙasar Jamus da harsunan Afirka 10, kowace murya daga lasifikarta. Philip Scheffner, a fim ɗinsa na 2007, ya bi sawun muryar wani sojan Indiya da aka naɗa a 1916 a sansanin fursunonin yaƙi kusa da Barlin, ya bar giɓin da ke cikin labarin a buɗe bai cike shi da ƙage ba. Paul Basu da abokan aikinsa kuma sun mayar da hotuna da muryoyin da Northcote Thomas ya ɗauka tsakanin 1909 da 1915 zuwa garuruwan kudancin Najeriya da Saliyo inda aka ɗauke su, aka kunna wa jikokin masu muryar. Na ƙarshen nan ne ya fi kusa da abin da arewacin Togo yake buƙata.

Aikin da zai dace da Sokode da Dapaong yana da haɗari guda da ya kamata a ambata. Ƙugin gajeren zango da tsatsar tsohon bututun kaki suna da daɗin ji ga kunnen da ya saba da sauti mai tsabta, kuma abu ne mai sauƙi mai fasaha ya ɗauki muryar wani bawan Allah da aka tsayar gaban ƙahon Bature ya mai da ita ado a zauren nune-nune na Turai, ya maimaita ƙwacen farko da na'ura ta zamani. Kariya daga wannan ita ce a fara kunna muryoyin a inda suka fito, a gaban dattawa da makaɗa da malaman da za su iya gane harshen da karin da ma'anar, su kuma faɗi wadda ta halatta a saka a fili da wadda ta shafi asiri ko ibada. Abin da za su faɗa yayin da suke sauraro, gardamarsu a kan wace waƙa ce da gyaran da wani zai yi wa wani, shi kansa sauti ne da ya cancanci naɗi, kuma zai fi tsohon bututun daraja nan da shekara 50. A Jihar Savanes, inda aka kafa dokar ta-ɓaci a watan Yuni 2022 saboda hare-haren 'yan bindiga daga iyakar Burkina Faso, yawo da rikoda yana buƙatar izini da sanin hukuma da amincewar masu unguwa, don haka ma'aikatan tashoshin garin, waɗanda jama'a suka san muryarsu, sun fi baƙo damar yin aikin.

Kayan aikin ba su da tsada kamar da, domin wayar hannu mai kyau da makirufo ɗaya sun isa a naɗi hira, kuma masu gyaran rediyo na kasuwa suna ajiye da tsofaffin akwatuna masu gajeren zango da za a iya tayarwa. Abin da ya fi wuya shi ne ajiya: a rubuta sunan mai magana da unguwarsa da ranar naɗi da harshen da ya yi amfani da shi, a sami yardarsa a cikin naɗin kansa, a yi kwafi fiye da ɗaya, a ajiye ɗaya a tashar garin, ɗaya a Jami'ar Kara, wadda ta fara karatu a 2004 kuma ita ce mafi kusa da garuruwan biyu, sannan a nemi taskokin Barlin da Faris su ba da kwafin abin da suke riƙe da shi na yankin tare da takardun bayaninsa.